Ruwan guga da ruwan sama: abin da aka ce game da hutawa cikin ƙaunar Allah

Wata tattaunawa ce ta taso daga wata 'yar'uwa Katolika da ta ce ta gaji. Rosari (addu'ar carbi ta Katolika) kullum, azumi, hidimar coci, amma zuciyarta a bushe ƙamas, kamar mai biyan bashi.

Yawancin masu ba da shawara sun ja ta zuwa Waƙar Waƙoƙi, wani littafi a cikin Littafi Mai Tsarki, inda ake ɗaukar rai a matsayin amarya, Almasihu kuma ango. Waliyyi Barnad na Kilabo a Faransa, wanda ya rasu a 1153, ya yi wa'azi 86 a kan wannan littafi, bai ma kai ƙarshensa ba. Amarya, in ji masu ba da shawarar, ba a ƙirga mata aiki kafin a so ta.

Misalin da ya fi zama a raina shi ne na Waliyiya Teresa ta Abila a Sifen. Ta kwatanta addu'a da ban ruwa a lambu: farko kana jan guga daga rijiya har kafaɗa ta sage, daga baya ruwan sama ya sauko, kai kuwa kana zaune.

Wani dattijo ya ja kunne cewa wannan ba lasisin barin Misa, babbar ibadar Katolika a coci, ba ne. Ya ce 'yar'uwar ta rage yawan addu'o'in baka, ta zauna shiru minti 15 gaban Sakramenti (gurasar da aka tsarkake a Misa), ta kuma sami Fada, wato limamin coci, ta buɗe masa cikinta.