Kirash inci 16 sabo ko 18 na hannu?

Dan_Kabong: Salama 'yan'uwa. Kirash ɗin saitin gangar cocinmu, wato simbal, faifan ƙarfen nan da ake bugawa da sanda, ya tsage daga baki, in ka buga sai ka ce murfin tukunya. Kwamiti sun ba ni N130,000. Cocin ƙarami ne, rufin kwano, ba ma sa wa ganga makirfo. Sabian B8X inci 16 sabo, ko Zildjian A inci 18 na hannu?

Sanda_Biyu: Sayi kirash na kamfanin Paiste, samfurin 2002, ka huta.

Dan_Kabong: Oga, ka ga kuɗin kuwa?

Baba_Kiɗi: Yaro, ɗauki Zildjian. B20 ne, jan ƙarfe kashi 80, kuza kashi 20. Sabian ɗin B8 ne, kuzarsa kashi 8 ce, ƙara gare shi mai tsini, a ƙarƙashin kwano zai kashe wa mata masu zumunta kunne. Amma ka ɗora shi a yatsa ka buga, ka bi bakinsa da farce. In ramin tsakiya ya yi tsawo, bar musu.

MaiSitudiyo: Ni na hannu? Har abada. Na tura wa wani mai shago a Legas N95,000, ya nuna min kaya a bidiyo. Abin da ya sauka a tasha farantin jan ƙarfe da tutiya ne, an manna tambari, na goge da yawu ya fita. Na kira, wai direba ya musanya. Direba ya rantse ko kwalin bai buɗe ba. Ranar ina da aikin waƙar biki, ango ya riga ya biya, haya na yi. Har yau lambar a kashe.

Sanda_Biyu: 95 ai kai ma ka san ba asali ba ne. A Kaduna dubu 210 aka ce min.

Talatu_Alto: Ƙanena ya samu a kan dubu 70 a Sabon Gari.

Sanda_Biyu: A wace shekara, Anti? Kuma Baba, Paiste 2002 ɗin ma B8 ne, tun 1971 ake buga shi a manyan dandamali.

Baba_Kiɗi: Wanda bai taɓa sayen simbal da kuɗinsa ba ya rage murya.

Gwanja99: Kuzar Jos Turawa suka kwashe, yanzu ɗan Jos na neman kashi 20 a kasuwa 😂

Talatu_Alto: Ku dai ku faɗi gaskiya, ku ke fasa su. Yaran rukunin matasa suna ɗaure notin da ke riƙe simbal tam, babu soso, babu robar ƙarfen da ake ɗora shi a kai, su sare shi a baki kamar da gayya. Fasto na addu'a, su suna gwaji.

MaiSitudiyo: Shi ya sa nawa a jaka yake kwana. Kwamiti za su sayi janareta da labule, amma sanda sai mai ganga ya cire daga aljihunsa.

Sanda_Biyu: Mu fatar sinya, ƙaramar gangar nan mai waya a ƙasa, tun Kirsimeti da selotef muke lallaɓa ta.

Dan_Kabong: To jama'a, 16 ko 18? Mai na hannun ya ce gobe wani zai zo ɗauka.

Gwanja99: Kwamitinku na ba da kuɗin mota ma kuwa?