Taƙaitawa: Shawarwarin da aka bayar kan sayen sunan shafin intanet

Jama'a, ga abin da na tattaro daga maganganunku kan yadda mai gina shafi zai sayi sunansa, wato adireshin da ake rubutawa don shiga shafin, mai ƙarewa da irin su .com ko .com.ng:

1. Kowa ya yarda a yi rajistar sunan da imel ɗinka da lambar wayarka, ba na wanda ya gina maka shafin ba. An fi jaddada wannan, domin in kun saɓa, sunan yana hannunsa, kai kuma sai roƙo.

2. Suna ya zama gajere, mai sauƙin faɗa a waya. A guji saka ƙ da ɗ da ɓ, don ba kowace waya ke da su ba.

3. Haya ce ta shekara-shekara, ba mallaka ba. A kunna sabuntawa ta atomatik. Idan .com ya ƙare, akwai ɗan wa'adin afuwa, sai kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada, daga nan kowa na iya ɗauka.

4. A nan aka rabu. Wasu sun ce .com ne mutane suka saba da shi. Wasu sun fi son .com.ng, wanda NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Najeriya, ke kula da shi, saboda ya fi araha kuma da naira ake biya, ba ruwanka da wahalar katin dala. Ni dai ga mai shago a Kano, na biyun ya wadatar.

5. A duba kuɗin sabuntawa, ba rangwamen shekarar farko kaɗai ba.

6. Sabon .com ba a iya mayar da shi daga kamfanin da aka yi rajistarsa zuwa wani kamfanin sai bayan kwana 60.