Poka: yaushe ya dace a bar tuli ya tsaya ƙarami?

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata kan Texas Hold'em ce, nau'in wasan katin poka da kowa ke riƙe kati biyu, a buɗe biyar a ƙasa na kowa da kowa. A ce ina riƙe da as da 10, katuna ukun farko suka buɗe as, 7, 2, kowanne da irinsa. Mu biyu muka rage, ni ke magana a ƙarshe. Wasu na cewa a yi ta zubawa har kati na biyar, wasu kuma a yi cek (a wuce ba a zuba kuɗi ba) a na huɗu. Anya cek ɗin nan ba tsoro ba ne aka sa wa riga?

Na Kusiri:
Wa alaikumus salam ƙanena. Bari mu ƙirga, ko da ƙwayar wasa kuke yi lissafin ɗaya ne. Tulin tsakiya, wato kuɗin da aka tara, sefa 3,000. In kowane zagaye ka zuba daidai abin da ke tsakiya shi kuma ya bi, ka ba da 3,000, sai 9,000, sai 27,000. Ka fitar da 39,000 ke nan a kan as biyu kacal. Tsallake zagaye ɗaya, ya dawo 12,000.

To wa zai bi ka har 27,000? Mai as da sarki, mai as da 7, ko wanda ya ɓoye 7 biyu a hannu. Duk sun fi ka. Waɗanda ka fi, irin mai as da 5 ko mai sarki biyu, sau ɗaya ko biyu za su bi su ajiye. Zubi na uku yana korar mai ba ka kuɗi, ya bar maka mai cinye ka.

Cek a nan kuma ba shi da tsada. Mai sarki biyu kati 2 suka rage masa cikin 44, mai as da 5 kuma kati 3 ne za su ɗora shi a kanka. Ga ƙari: da ya ga ka yi shiru a na huɗu, sau da yawa zai yi burga a na biyar da hannun banza, ka bi ka kwashe.

Bakin Kasuwar Marwa:
Malam Na Kusiri ya faɗi daidai, amma kada a mai da shi ɗabi'a. Canza katunan ƙasa zuwa as, 9, 8, biyu daga ciki zuciya. Bayan kati na huɗu, mai zuciya biyu a hannu yana jiran kati 9 cikin 46 don ya cika zuciya biyar ya fi ka, kusan sau ɗaya cikin biyar. Ka yi cek, ka ba shi kati kyauta. Tuli 4,000 ne, zuba 2,000: zai biya 2,000 don neman 6,000, sai yana ci sau ɗaya cikin huɗu kafin ya fita kunya, bai kuwa kai ba. In ku uku ne ko huɗu, zubin ya fi zama dole.

Mai sanyin wasa daban ne. Shi kullum bi yake, ba ya ɗagawa, don haka ba ya ci sai an buɗe katuna nasa ya fi. Mai zubawa hanyarsa biyu: ko a ajiye masa, ko ya ci a buɗe.

Ɗan Njamena:
Abu biyu aka bari. In kai ke fara magana, cek ɗinka ba ya rufe zagaye, shi zai yanka maka farashi. Dabarar ta mai kujerar ƙarshe ce. Sannan duba abin da ya rage gabanka: tuli 3,000, kai kana da 6,000, babu abin ragewa, zubi biyu sun cinye shi. Sai ragowar ta ninka tuli sau goma ko fiye maganar Malam ke aiki sosai.

Na Kusiri:
Haka ne. Ina ƙarawa da mutumin da ba ya ajiye kati ko da me. Shi kada ka yi masa cek, zuba sau uku amma kashi ɗaya cikin uku na tuli: daga 3,000, ka ba da 1,000, sai wajen 1,700, sai 2,800. In irin wannan ya ɗaga maka a kati na biyar, ajiye as ɗinka.