Dokar ƙarfe tara ga yara a unguwa

Maman Khalifa: Salam jama'a. Wallahi raina a ɓace yake tun jiya, yarona ɗan shekara 16 ya fita gidan kallon ƙwallo bai shigo ba sai sha ɗaya saura, ya dawo ba waya, riga a yage, wasu yara sun tare shi ta wajen Pen Cinema. Ni dai ina ganin lokaci ya yi da masu unguwa da limamai za su sa doka, duk yaron da bai kai 18 ba kar a gan shi a waje bayan ƙarfe tara. Yaranmu na Agege a nan Legas sun fara koyon halin 'yan cirani, sai kwana a titi.

Basakkwace: Allah ya kiyaye gaba. Amma Hajiya 'yan cirani kuma? Mu muka ƙwace masa waya? Ki zo kasuwar Mile 12 ƙarfe biyun dare ki ga masu sauke kwandunan tumatur daga tirela, yara ne 'yan sha shida sha bakwai, da kuɗin nan suke aika wa iyayensu a sayi gero. In an ce tara su ci me?

Maman Khalifa: Ni ban zagi kowa ba Malam.

Ɗan Agege: Gaskiya ta faɗa ai. Mu nan aka haifi kakanninmu, muna da sarkinmu, mun san ɗan kowa da gidan ubansa. Amma yaro a ɗoro shi kan buhunan albasa a sauke shi Legas, ba uwa ba uba ba mai ce masa shigo, wa zai tsawata masa?

Basakkwace: To kakan naka daga sama ya faɗo Agege? Ba fataucin goro da shanu ne ya kawo shi ba? Kowa a garin nan ɗan cirani ne, wani dai ya riga wani sauka.

Ɗan Agege: Kar ka sako min kakana a magana dan Allah.

Baban Yara Idi-Araba: Ku yi haƙuri. Hajiya ni matsalata da taran ita ce gosulo. 'Yata tana tashi lesin ƙarfe shida, kafin ta samu motar danfo ta iso gida wani lokacin takwas da rabi ta wuce, ga shi tun 2022 aka hana acaɓa a Mushin da Surulere da Oshodi, to ranar da aka yi ruwa fa? Kuma wa zai riƙa kama yaran? In 'yan sintiri ne, da idona na ga sun sa yaro tsallen kwaɗo a bakin get don ya je sayo wa uwarsa magani.

Ɗan Agege: Yanzu 'yan sintirin ne abin zagi? A 2020 lokacin kullen korona da ake ta maganar 'yan daban Awawa da One Million Boys su waye suka kwana suna ƙona taya a bakin layi? Mu ne. Ban ga ɗan cirani ko ɗaya ba.

Basakkwace: Ƙarya ne wallahi! Rabin masu gadin gidajen Legas su waye? Kuna minshari muna riƙe da tocila.

Anti Ladi: Duk kun bar maganar. Kuma dokar nan kan mata za ta ƙare, a gidanmu magariba ake rufe mu, maza sai sun ga dama.

Baban Yara Idi-Araba: Ai mace daban take.

Anti Ladi: Wanda aka yi wa ƙwacen jiya mace ne?

Admin: To ya isa haka. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda a sa dokar tara, kuma matsalar daga yaran da ke zuwa ba mai kula da su take. Mu da muka tashi a nan za mu kai wa Sarki maganar bayan Juma'a insha Allah.

Basakkwace: Wane kowa? Ni da Baban Yara ba mutane ba ne? Dama kai ma ɗan Agege ne. Ku je ku kaɗai.