Idan zuciyar almajiri ta yi sanyi da malaminsa: me kuka gani a Jos?

Mai buɗe zance, Gangare:
Assalamu alaikum. Ina neman waɗanda suka daɗe a zawiyoyi da majalisun karatu su haska mana. Mutum ya shekara goma sha biyar yana ɗaukar buzun malam, yana juya masa takalmi a bakin zaure, sai a wayi gari ya ɗauke ƙafa, ko sunan malamin ba ya son ji. Me ke kawo haka, kuma yaya ake janyewa ba a yi asarar addini da zumunci ba? Don Allah kada a kama sunan kowa, kada kuma a mai da zancen faɗan Izala da ɗarika. Kowane gida akwai wannan ciwon.

Muƙaddami, Dilimi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ɓarnar tun ranar karɓar ɗarika take farawa. A Tijjaniyya abin da ake ba mutum wuridi ne mai sharuɗɗa: lazimi safe da yamma, wato istigfari 100, salati 100, hailala 100, sai wazifa kullum, sai zikirin Juma'a bayan la'asar. Ana sharɗanta masa kada ya bari har mutuwa, kada ya haɗa da wuridin wata ɗarika. Muƙaddami ƙofa ce ta izini, ba shi ne ɗarikar ba. Idan amanarsa ta zube, muridi na iya zuwa wurin wani muƙaddami ya yi tajdidi, wato ya sabunta izininsa, wuridinsa na nan.

Amma da yawa a cunkoson maulidi suke karɓa, cikin minti biyar, ba wanda ya zaunar da su. Sai su ɗauka barin wannan mutum ɗaya shi ne barin hanya, a riƙa tsorata su da mummunar cikawa. Alhali abin da aka ruwaito daga Shehu Tijjani shi ne a auna duk abin da aka ji daga gare shi da ma'aunin shari'a, wanda ya saɓa a bar shi.

Ma'ajin masallaci, Unguwar Rogo:
Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, sai dai galibin rabuwar da ake gani ba a kan karatu ba ce, a kan kuɗi ce. Kuɗi iri uku ake zubawa a jaka ɗaya: hadiya, zakka, da gudummawar gini. Hadiya ta malam ce, ya sayi mota ko ya ƙara aure, ba ruwan wanda ya bayar, kuma ba a karɓe kyauta bayan an miƙa. Zakka tana da masu ita, kashi takwas da aka lissafa a Suratut Tauba. Kuɗin gini amana ne. Da zarar uku sun haɗu a asusun da ke ɗauke da sunan malam ko na babban ɗansa, rigima na jiran ranarta.

Fili ya fi ciwo. Almajirai su yi karo-karo, wani buhun siminti, wani bulo 50, mata su sayar da 'yan kunne, a gina makaranta. Takardar ciniki kuwa da sunan malam, don ana jin nauyin a ce a sa wani suna. Ranar da ya rasu, magada su lissafa ginin cikin gado, kuma takarda tana bayansu. A mazhabar Malikiyya wakafi bai cika sai abin ya fita daga hannun mai bayarwa kafin rasuwarsa. Don haka tun malam na da rai a yi rajistar amintattu a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a mai da takardar fili sunan makarantar, a rubuta wakafin da shaidu. Asusun banki ya zama sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu, kada biyun su fito daga gida ɗaya. A buga rasit mai lamba, a karanta lissafi a gaban jama'a duk bayan Ramadan. Malamin kirki wannan kariya ce gare shi, don shi ake fara zargi.

Hajiya, Rikkos:
Malam ma'aji, ka bar ɓangarenmu. Namiji in ya janye, majalisi kawai ya rasa. Mace kuwa sau da yawa aurenta ma a zauren aka ƙulla shi, malam ne waliyyi, mijinta almajirinsa ne, adashinta da ƙawayenta duk matan wurin ne. In mahaifinta ya saɓa da malam, ita ake fara juya wa baya a gidan suna. A sani, barin majalisin malam ba ya warware aure, kuma sadaki haƙƙinta ne ko da auren sadaka aka yi.

Sai batun ganawa. Duk inda aka ce mace ta shiga ita kaɗai don karɓar addu'a ko rubutu, a rufe ƙofa, kada ta shiga sai da muharraminta. Mu iyaye mu daina rufe bakin yarinya da "kada ki ja mana fushin Malam". Ku saurare ta tukuna.

Malamin Islamiyya, Nasarawa Gwong:
Allah ya saka, Hajiya. Kada a ɗauka mu da ba mu riƙe carbin ɗarika ba mun tsira. A nan Jos aka kafa Izala a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, kuma a farkon shekarun 1990 ta rabu gida biyu, ɓangaren Jos da na Kaduna. Manya sun san abin da suka saɓa a kai. Na ƙasa ne suka ɗauki abin da zafi, har wa da ƙane suka raba masallaci.

Yau abin ya koma waya. A yanko minti ɗaya daga karatun awa biyu a watsa a Facebook, yaro ya kwana yana zagi don kare malaminsa, gobe a ga malaman biyu suna musabaha a wurin ɗaurin aure. Nan gwiwarsa ke sanyi. Ga kuma hadimai: su ke tsare ƙofa, su ke kai magana, "Malam ya ce" da yawa Malam bai ce ba. Kafin ka yanke hukunci, ka ji daga bakinsa.

Dattijo, Bukuru:
'Ya'yana, ga yadda ake janyewa. A fara da nasiha a asirce, kai da shi, ko da dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa. Idan akwai littafin lissafi, makulli ko kuɗin jama'a a hannunka, ka miƙa a gaban shaidu biyu, a rubuta, a sa hannu, ka riƙe kwafi. Wanda ya tafi bai yi haka ba, shi za a kira ɓarawo. Sannan ka sami inda za ka ci gaba da karatu kafin ka daina zuwa, domin wanda ya bar zaure bai kama wani ba, cikin 'yan watanni har jam'in asuba kan kuɓuce masa. Sallama, gaisuwar Salla, dubiya da jana'iza kada ka yanke. Sirrin gidansa da ka gani kana hidima ka binne shi. Amma in cutar da yara ce ko mata, ko cin dukiyar marayu, wannan ba sirri ba ne, a kai wa hukuma.

Mai buɗe zance, Gangare:
Baba, Allah ya ƙara girma. To yaran da ke hadda a makarantar malamin fa?

Dattijo, Bukuru:
In ba cutarwa ake tsoro ba, bari zango ya ƙare. Ka biya abin da ake binka, ka karɓi takardar da ta nuna izu nawa kowane yaro ya haddace da ruwayar da yake karatu da ita, Warshu ko Hafsu, don kada sabuwar makaranta ta mai da shi baya. Kuma kada ka zagi malamin a gabansu, shi ya koya musu Fatiha.