"Su wane ne cima-zaune?" Cece-kuce kan kuɗin asibiti a zauren dangi

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Yau dai sai na faɗa ko na samu sauƙi. Duk wata kafin albashi ya iso hannuna an riga an yanke kuɗin lafiya, ba wanda ya nemi shawarata. Jiya jinin Maman Khalifa ya hau, na kai ta asibitin da muka yi rajista. Tun bayan asuba muke kan benci, sai gab da azahar likita ya gan ta. Na kai takarda tagar karɓar magani, cikin magani huɗu aka miƙo min farasitamol, sauran ukun wai babu. Na tsallaka titi na saya a kemis da kuɗina. To kuɗin da ake yanka ina yake zuwa? Mu ake tatsa, a je a yi wa 'yan cima-zaune magani kyauta. Wallahi wannan zalunci ne.

Gwaggo Laure: Wa alaikumus salam. Ya jikin nata? Allah ya ƙara sauƙi, a rage mata gishiri.

Yaya Alhaji na Kwari: Allah ya ba ta lafiya. Amma Malam, su wane ne cima-zaune?

Baban Khalifa: Yaya, ba da kai nake ba.

Yaya Alhaji na Kwari: Da ni kake mana, tunda ba a yankar albashina. Ni da nake buɗe shago tun hantsi, sai magariba nake rufewa. Kullum sai masu karɓar haraji sun zo da rasit, na shara daban, na shago daban. Katin wayar da nake saka muku wannan magana da shi akwai harajin VAT a kai, kashi 7.5 cikin 100. Albashin naka ma daga ina ake biya? Ni ba ni da katin asibiti, ba ni da fansho. In yaro ya kwanta, aljihuna ne kawai. Kai ka samu farasitamol, ni ko shi ba a taɓa ba ni ba.

Auta: In ana maganar zama, Yaya Malam, ku da ake ba hutu sau uku a shekara fa? 😂

Baban Khalifa: Auta, ka kiyaye ni. Kuɗin makarantarka na bara waye ya cika?

Auta: Tuba nake, ranka ya daɗe.

Kawu Ɗan Maraɗi: Ku dai kullum cikin rigima. Mu nan Nijar tun 2006, zamanin Tanja, yaro ƙasa da shekara biyar kyauta ake duba shi a likita, mace in haihuwa ta zo da tiyata ita ma kyauta. Ba mu taɓa kiran jariri cima-zaune ba. A 2024 ma an rage kuɗin likita da rabi. Ga ku da man fetur, ga mu da rairayi, amma dubi.

Kwamared: Kawu, ka ƙarasa labarin. Kyautar nan gwamnati ce za ta riƙa biyan asibitoci daga baya, kuma shekaru aka yi bashin yana taruwa ba a biya ba, har kantocin maganin asibitoci suka bushe. Kuma in haka abin yake, me ke kawo mutanenku Katsina da Kano neman magani?

Kawu Ɗan Maraɗi: Abin da ke kawo 'yan Jibiya Ɗan Isa da Madarunfa da yara a goye. Ka zo lokacin damina ka gani da idonka, ɗana.

Kwamared: Ai wannan ƙungiyoyin agaji ne ke riƙe da shi.

Kawu Ɗan Maraɗi: Ku ma ku kira su mana.

Sista Maman Ilham: Don Allah ku saurara, ni a cikin aikin nake. Yaya Malam, kuɗinka ba a ɗauka a ba wani. Yadda tsarin yake, asibitin da ka yi rajista ana tura masa ɗan wani kaso a kan kowane mutum duk wata, ko ka je ko ba ka je ba. Da wannan kason zai sayi magani. In kason ya makara, ko farashin magani ya ninka shi kuma yana nan inda yake, sai taga ta koma "babu". Maganin hawan jini da na suga kowa ya san yadda suka tashi tun da naira ta faɗi a 2023. Marasa galihu kuma asusunsu daban ne, dokar lafiya ta 2014 ce ta kafa shi, ana ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Kuma kyautar da kuke ta faɗa a kai, ku zo ɗakin haihuwa ku gan ta. Mace na naƙuda, mu miƙa wa miji takarda: safar hannu, auduga, allura, ruwan ƙari, leda ta shimfiɗa, in jini ya ɓalle ya nemo masu ba da leda biyu. Na ga magidanci ya tsaya a baranda yana kwance 'yan canji daga bakin zanen matarsa yana ƙirgawa, ya bar wayarsa jingina a kemis. Manomi ne, ya noma abin da muke ci. In kana da rasit ɗin jiya, ka kai ofishin masu kula da tsarin ka shigar da ƙorafi a rubuce.

Yaya Alhaji na Kwari: Ka ji ko? Manomi. Shi ne cima-zaunen naka.

Baban Khalifa: Yaya, duk bayanin da ta yi wannan kaɗai ka tsinta?

Ustaz: Ni tun farko abin da ya dame ni daban ne. Ka biya kuɗi kan ciwon da ba ka san zai zo ko ba zai zo ba, wannan ai akwai garari a ciki, wato ciniki kan abin da ba shi da tabbas. Inshora malamai sun yi magana a kanta.

Sista Maman Ilham: Ustaz, shi ya sa a Kano ba a kira shi inshora ba, aka ce taimakekeniya, kuma sai da aka zauna da malamai. Kamar adashe ne, sai dai wanda ciwo ya kama shi ke ɗauka.

Ustaz: Sauya suna ba ya sauya hukunci. Kuma taimako da yardar rai ake yi, shi Malam ya ce ba a tambaye shi ba. Da masu hali suna fitar da zakka yadda Allah ya ce, da ba mu kai ga wannan ba.

Yaya Alhaji na Kwari: Masu hali su wa? Ustaz, in da magana ka fito fili. Zakkata ba a Facebook nake raba ta ba.

Ustaz: Ban ambaci sunan kowa ba.

Yaya Alhaji na Kwari: Yau ranar "ba da kai nake ba" ce ke nan.

Gwaggo Laure: Kai yaran nan, ku ji tsoron Allah. Matar mutum na kwance.

Baffa na Kumasi: Mu a Gana mun wuce wannan gardamar tun 2003, lokacin Kufuor. Da sai ka ajiye kuɗi kafin a taɓa ka, ko kana mutuwa. Sai aka ɗora kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin kayan saye, kowa na biya, mai albashi da mai tallan koko a zango. Don haka ba mai ce wa wani ni nake ciyar da kai. Ba na ce babu matsala ba, asibitoci na kukan ana jan ƙafa wajen biyansu, wani maganin mu ma waje muke saye. Amma uwata da katinta take zuwa.

Kwamared: To kun ji inda maganar take. Kuna nan kuna cin naman juna, malami da ɗan kasuwa, alhali a Abuja aka taru a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. A gidanmu aka sa hannu, kuma gwamnatin tarayya ko rabin haka ba ta saba kaiwa ba. Shi ya sa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fita. 'Yan cima-zaune na gaskiya su ne waɗanda ko mura ta kama su sai Landan.

Auta: Kwamared, a yi a hankali.

Kwamared: Ƙarya na yi? A 2017 Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Landan.

Baban Khalifa: Ka bar Baba ya kwanta lafiya, Allah ya jiƙansa. Shi ne ya sa hannu a dokar inshorar lafiya a watan Mayun 2022, wadda ta ce kowa ya shiga, har da asusun talakawa miliyan 83. Naku gwanin me ya yi?

Kwamared: Ikon Allah! Ɗazu kana zagin masu shan magani kyauta, yanzu kana yabon wanda ya yi musu asusu. Kuma tsarin ai tun 2005 Obasanjo ya ƙaddamar da shi, dokar 2014 kuwa Jonathan ne.

Baban Khalifa: Ban zagi kowa ba.

Yaya Alhaji na Kwari: Cima-zaune addu'a ce?

Baban Khalifa: Yaya, kai ma ka san akwai su. Majalisar ƙofar gidanka daga safe zuwa dare shayi kawai suke dafawa.

Yaya Alhaji na Kwari: Biyu daga cikinsu digiri gare su. Ka samo musu aiki.

Kawu Ɗan Maraɗi: Shayin ma ai namu ne kuka ara.

Sista Maman Ilham: Ni dai tambaya ɗaya. Yaya Malam, an sake auna jinin nata yau? Nawa ya nuna?

Auta: Anti, ya sauka daga layi.

Yaya Alhaji na Kwari: To, a matsayina na mai kula da zaure, bari in taƙaita don waɗanda za su tashi su tarar da saƙo ya taru. Na ɗaya, an tabbatar ɗan kasuwa da manomi su ne ke riƙe da ƙasar nan, kuma su ne ba su da katin asibiti. Na biyu, Sista da take cikin aikin ta nuna ma'aikata ba su da abin kuka, tunda su ko babu komai ana duba su. Na uku, Baffa ya kawo shaida daga Gana cewa harajin 'yan kasuwa ne ke biyan maganin kowa. Maganar zakka ba ta da alaƙa da abin da ake yi, don haka na goge ta. Malam zai janye kalmarsa in ya dawo.

Sista Maman Ilham: Yaya Alhaji, ni ban ce haka ba.

Baffa na Kumasi: Ni ma kowa na ce, ban ce 'yan kasuwa ba.

Yaya Alhaji na Kwari: An rufe sai bayan isha'i. Waɗanda ba su biya kuɗin zumunci na watan nan ba su turo, Ustaz kana ciki.