Na sake rasa MBBS, CGPA ɗina kuma sai ƙasa yake yi. In sake JAMB ko in haƙura?

Ɗan_Zazzau03 ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka bi ta wannan hanyar ko suke cikin makarantar likitanci yanzu.

Ina aji uku a Fiziyoloji a wata jami'ar tarayya a nan arewa. Asali MBBS, wato digirin likitanci, na cike, na samu 261 a JAMB, ba a ba ni ba sai aka tura ni Fiziyoloji, na karɓa da niyyar in ina ciki zan sake gwadawa. Ina aji biyu na sake zama na samu 274, na je post-UTME, wato tantancewar da jami'a ke yi bayan JAMB, sunana bai fito ba. Bana kuma 248 na samu, ko kusa ban je ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali ma ba JAMB ɗin ba ne, rizal ɗina na makaranta ne. Na gama aji ɗaya da CGPA, wato matsakaicin makina gaba ɗaya, 4.31, ƙarshen aji biyu ya koma 3.86, yanzu da aka kafe na simesta ta farko a aji uku 3.58 na gani, har da kari-oba ɗaya, wato kwas ɗin da na faɗi sai na sake shi. Duk lokacin da JAMB ta matso sai in ajiye handawut in koma kan tsofaffin tambayoyin Fiziks da Kemistiri, lakca ma wani lokacin ba na shiga, ga shi can ban samu ba nan ma yana zubewa. Baba har yanzu in ya gabatar da ni wa abokansa cewa yake likitanmu ne, kuma wallahi nima ina so, ba wai dole aka min ba, tun ina sakandare ba ni da wani buri sai wannan.

To in sayi fom ɗin JAMB na shekara mai zuwa ne, ko in bari in gama in nemi DE, wato shiga aji biyu kai tsaye da digirina? Kuma da irin wannan faɗuwar makin DE ɗin ma zai yiwu kuwa? Shekaruna 21.

Abu_Hanan ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ni Anatomi na gama kafin na shiga MBBS ta DE, yanzu ina aji biyar, don haka na san zafin da kake ji. Amma bari mu ajiye zafin mu yi lissafi tukuna.

A ma'aunin 5.00, matakin digiri na 2:1 daga 3.50 yake farawa zuwa 4.49, ƙasa da 3.50 ka faɗa 2:2. Kai kana 3.58. Idan muka ɗauka kiredit ɗin kowace simesta kusan ɗaya ne, lambobin da ka ba mu suna nuna a aji ɗaya kana cin 4.3, a aji biyu wajen 3.4, wannan simestar da ta wuce kuma wajen 2.5 ka ci. Saura maka simesta uku. In ka ci gaba da 2.5 ɗin nan za ka fita da kusan 3.2, wato 2:2, kuma yawancin makarantun likitanci da ke karɓar mai digiri ta DE 2:1 ne mafi ƙarancin abin da suke kallo. In kuwa ka dawo kana cin 4.0 a ukun da suka rage za ka fita da wajen 3.7. Ko 3.4 ka riƙe a kowacce za ka tsira da 2:1 ɗinka da ƙyar. Ka ga ƙofar ba ta rufe ba, amma JAMB ɗin da kake bi ita ce take tura ta tana rufewa. Taura biyu ba ta taunuwa ƙanina.

Sannan akwai abin da masu son tsallakawa MBBS daga Fiziyoloji ba sa lura da shi. Jarabawar da ta fi kayar da mutane a farkon likitanci ita ce ta Anatomi, Fiziyoloji da Bayokemistiri da ake yi a aji uku, makin ci 50 ne ba 40 ba, in ka faɗi ka sake, in ka yi ta faɗuwa a sallame ka daga kwas ɗin gaba ɗaya. Wato handawut ɗin nan na zuciya da ƙoda da jijiyoyi da kake turewa gefe don ka haddace lissafin Fiziks, su ne dai za ka tarar suna jiranka a can. Ni abin da ya taimake ni kenan, lokacin da 'yan ajinmu ke kwana a ɗakin gawa suna fama da sunayen tsokoki ni bita nake.

Ba zan ɓoye maka ba, gurbin DE kaɗan ne ƙwarai. MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitanci a Najeriya, ce ke yanka wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma mafi yawan gurbin 'yan UTME ne, wato waɗanda suka shigo ta jarabawar JAMB, da suka haye daga aji ɗaya suke cike shi, ragowar ne masu digiri da masu IJMB (karatun A level na share fagen shiga jami'a) ke kokawa a kai. Don haka 2:1 ba garanti ba ne. Amma da shi ne za a ma buɗe fayil ɗinka. Shawarata kar ka sayi fom ɗin.

MalamSani_Kemistiri ya rubuta:

Ni ina koyar da 'yan JAMB a lesin, kuma ban yarda da Abu Hanan ɗari bisa ɗari ba, duk da lissafinsa daidai ne.

Tambayata gare ka ɗalibi, shekarar da ka ci 274 wace makaranta ka cike? Don ina ganin yara da yawa kowa ABU, kowa BUK, kowa UDUS ko UNIMAID, saboda sunan asibitin koyarwa na Shika da asibitin Malam Aminu Kano, alhali nan ne cunkoson ya fi yawa. Jami'o'in tarayya suna raba admishin ne kashi 45 cancanta, kashi 35 jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 jihohin da aka bari a baya a ilimi, to in jiharka ba ta cikin yankin makarantar da ka cike ka rage wa kanka dama tun kafin a fara. Ga FUD Dutse, ga ATBU Bauchi, ga jami'ar kimiyyar lafiya ta tarayya da ke Azare, ga na jihohi irin KASU da ta Gombe, in kai ɗan jihar ne jami'ar jiharka ta fi kusa da kai. Ba na ce can sauƙi ne ba, likitanci babu inda yake da araha, amma 274 a wani wurin magana ce.

Sai O level ɗinka. Kiredit biyar ɗin, Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri, Fiziks, a zama ɗaya ka same su ko haɗa WAEC da NECO ka yi? Makarantu da yawa zama ɗaya suke so a MBBS, kuma wasu suna saka makin O level a cikin jimillar da suke tantancewa da ita, mai A da B ya wuce mai C ko da JAMB ɗinsu ɗaya. Ka kuma tabbata an ɗora rizal ɗin a CAPS, wato manhajar JAMB ta bayar da admishin, yara nawa ne suka rasa admishin a kan wannan kawai.

Inda na koma bayan Abu Hanan shi ne saukowarka daga 274 zuwa 248. Tambaya 180 ce a awa biyu, sauri take so da sabo, wanda ya baro silabus ɗin sakandare shekara uku yana karatu rabi da rabi ba zai kamo yaron da ya zauna wata shida ba abin da yake sai wannan. In za ka sake to sai dai ka sake da gaske, kuma ka sani in ta fito aji ɗaya za ka koma, shekara shida cif, shekara ukun da ka yi sun tafi babu takarda, don ba a riƙe admishin biyu. Da kana aji ɗaya ne da na ce ka tafi. A aji uku, gaskiya da wuya in ce wa ɗana ya yi haka.

Ummu_Sultan ta rubuta:

Ɗan uwa Allah ya kawo mafita. Ni nas ce, ba ta ɓangaren lissafin zan zo ba. Daga 4.3 zuwa 2.5 ba ƙaramar faɗuwa ba ce, kuma ban tabbata JAMB kaɗai ce ta jawo ba. Kana barci kuwa? Kana cin abinci? Ko ka kai matsayin da in ka buɗe littafi sai ka ji ƙirjinka ya yi nauyi ka rufe? In haka ne don Allah ka je asibitin makaranta ka yi magana da likita, ba abin kunya ba ne, muna ganin ɗalibai da yawa da damuwa ta cinye su shiru ba wanda ya sani sai da rizal ya fito.

Maganar Baba kuma, ka zauna da shi ka nuna masa rizal ɗin nan kamar yadda ka nuna mana, in ba za ka iya kai tsaye ba ka bi ta wajen Mama ko wani kawunka da yake jin maganarsa. Yana ce maka likita ne don bai san halin da kake ciki ba, yana ganin ƙarfafa maka gwiwa yake.

Kuma in wani ya kawo muku shawarar fita waje ku yi bincike sosai kafin a sayar da fili. Mun ga yadda aka kwaso ɗalibanmu daga Sudan a 2023 da yaƙi ya ɓarke, wasu suna ajin ƙarshe, kafin nan na Yukren a 2022. Wanda ya gama lafiya ma sai ya ci jarabawar MDCN kafin a ba shi lasisin aiki a Najeriya.

Ɗan_Zazzau03 ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Sani zama ɗaya ne, NECO, amma Fiziks C6 ne, kuma duk zaman da na yi makaranta ɗaya na riƙa cikewa. Anti Ummu maganar barcin gaskiya ce, zan je. Yaya Abu Hanan ban taɓa raba lissafin simesta simesta haka ba sai yau, 2.5 ɗin nan ta tsorata ni. Na fasa sayen fom ɗin. Tambaya ɗaya ta rage, in Allah ya sa na fita da 2:1, in nemi DE nan take ko in fara zuwa bautar ƙasa?

Abu_Hanan ya rubuta:

Ni bautar ƙasa na fara, ina cikinta na cike DE. Amfaninta sau ɗaya ake yi, in ka gama MBBS ka yi shekarar hausmanshif, wato aikin horo a asibiti, ba za ka sake komawa sansanin bautar ƙasa ba, kuma ɗan alawus ɗin yana taimakawa wajen kuɗin fom da tiranskirif, wanda shi ma ka fara nemansa da wuri don yana ɗaukar lokaci. DE aji biyu ake shiga, shekara biyar, in komai ya tafi daidai kana gamawa kafin ka cika talatin. Sharuɗɗan kowace makaranta suna cikin burosha ta JAMB, ka duba na makarantu uku ko huɗu tun yanzu, har da irin digirin da kowacce ke karɓa, kar ka tsaya a kan guda ɗaya kamar da.

Amma kafin duk wannan, gobe ka je wajen kodinetan ajinku ka tambayi yaushe za ka yi rajistar kari-oban nan da kiredit nawa zai hau maka, don F ɗin sifili ake lissafa ta kuma tana cikin abin da ya ja ka ƙasa. In akwai kwas ɗin Fiziyoloji da ya tsaya maka ka turo min ta inbok, ina da tsofaffin not ɗina.